Ɗalibanmu sun iya ƙungiya, amma ba mai rubuta musu shaida

A yawancin jami'o'in Birtaniya, idan Laraba ta yi, daga azahar zuwa yamma ba a cika sa wa masu digiri na farko lakca ba. An bar musu wannan yammacin ne don wasanni da harkokin ƙungiyoyi, kuma a ranar ake buga mafi yawan wasannin gasar jami'o'i ta BUCS. Malamin da ya nace sai ya sa darasi a lokacin, to ya shirya amsa ƙorafi daga ƙungiyar ɗalibai. Ni da na yi digirina na farko a arewacin Najeriya, inda malami kan aiko shugaban aji ya ce akwai lakca ranar Lahadi da bakwai na safe kuma ba mai cewa uffan, abin ya ɗaure mini kai da farko. Yanzu da nake aiki a wata jami'a a arewacin Ingila, na gane ba son wasa ne ya sa su yin haka ba. A wurinsu, abin da ɗalibi ke yi a wajen aji yana cikin abin da ya biya kuɗi ya zo nema.

Kada a ɗauka zan ce ɗaliban nan sun fi namu himma. Wallahi ba su fi su ba. Na ga aikin da yaranmu ke yi a Samaru da Kongo da tsohuwar BUK ba ko sisi a hannu, na kuma ga wanda ake yi a nan da kuɗi da ɗakin taro mai ɗumi. Namu sun fi shan wahala, sau da yawa ma sun fi amfanar jama'a. Amma na nan idan ya gama, aikinsa na ƙungiya yana bin sa har ɗakin intabiyu. Namu kuwa a bakin get yake barinsa ranar da ya karɓi sakamako.

A makon farko na zangon karatu, wajen ƙarshen Satumba, ana cika babban zaure da tebura, kowace ƙungiya da nata. A manyan jami'o'i sukan haura ɗari biyu: masu muhawara, masu jaridar makaranta, masu rediyo, masu haɗa mutum-mutumin inji, masu hawan dutse, har da masu taruwa don shan shayi kawai, waɗanda har yau ban gane me suke tattaunawa ba. Idan babu wadda ta yi maka, sai ka tara sunayen wasu ɗalibai kaɗan, ku rubuta tsarin mulki, ku fitar da shugaba da sakatare da ma'aji, a yi muku rajista. Daga nan za a kira ma'ajin a koya masa aikinsa. Kuɗin ƙungiya ba ya shiga asusun kowa, yana zaune ne a hannun babbar ƙungiyar ɗalibai, kuma ba ya fita sai da rasit. Ba kirkin Bature ne ya kawo wannan ba, doka ce. Dokar ilimi ta 1994 ta ɗora wa hukumar kowace jami'a alhakin tabbatar da cewa ana zaɓen manyan shugabannin ɗalibai da ƙuri'ar sirri, ana fitar da bayanin kuɗi duk shekara, kuma ba wanda zai riƙe kujera mai albashi fiye da shekara biyu. E, albashi: shugaban ɗalibai a nan yakan jingine karatu na shekara guda, ko ya tsaya bayan ya gama, a riƙa biyansa kamar kowane ma'aikaci.

To mu koma gida. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa a Legas a 1954, ba na jin akwai wata ƙungiyar ɗalibai a Ingila da ke ɗaukar nauyin da take ɗauka. Ita ke tarbar sabon ɗalibin da ya sauka daga mota da jakarsa bai san ko ina ne ofishin rajista ba. Ita ke shirya tutoriyal na lissafi da kimiyyar sinadarai kyauta a masallaci ko a wani aji da ba kowa, wani lokaci da fitilar waya. Ita ke haɗa wa wanda kuɗin rajistarsa bai cika ba, ta je asibiti duba marar lafiya, ta raka gawa har garinsu. Da azumi kuwa, duk wanda ya taɓa shiga kwamitin buɗa-baki ya san abin da nake nufi: a nemo shinkafa da gero da sukari wajen 'yan kasuwa da malamai, a samo itace ko gas, a raba aiki tsakanin ɓangaren maza da na mata, a ciyar da ɗaruruwan mutane wata guda cur ba tare da an kwana da rigima ba. Amirar, wato shugabar ɓangaren mata, da ta riƙe wannan ta yi kasafin kuɗi, ta yi ciniki, ta sasanta mutane, ta kuma yi jarabawa a cikin watan. Ƙungiyoyin ɗalibai Kiristoci irin su FCS haka suke yi wa nasu.

Sai ka karɓi CV ɗin wannan amirar bayan bautar ƙasa. Za ka ga makarantar firamare, sakandare, digiri, sannan a ƙasa an rubuta cewa tana sha'awar karatu da tafiye-tafiye. Shi ke nan. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa abin da ta yi da azumi aiki ne da ma'aikata ke biyan kuɗi a kansa. Ko da ta rubuta, wa zai tabbatar? Littafin kuɗin ya ɓace tun da shugabannin suka canza, jami'a kuma ba ta san an yi ba.

A nan kuwa, tambayoyin intabiyu kusan a haddace suke. Za a ce ka ba da labarin wani lokaci da ka jagoranci mutane, ko ka warware saɓani, ko ka yi aiki da kuɗi kaɗan. Yaro ɗan shekara ashirin da ɗaya da bai taɓa yin aikin ofis ba, ina zai samo amsa? Daga ƙungiya. Zai ce shi ne ma'ajin masu wasan kwando, ya tarar da bashi, ya yi kaza da kaza. Wasu jami'o'in ma suna haɗa irin waɗannan ayyuka a wata takarda da ake kira HEAR, wadda ake ba ɗalibi tare da makinsa. Na sha zama ina sauraron ɗalibi yana kambama wani ɗan aiki da bai kai rubu'in na kwamitin buɗa-baki ba, kuma da shi zai samu aiki. Abin yana ci mini rai.

Me ya sa jami'o'inmu ba su ɗauki ƙungiyoyi haka ba? Ina ganin tarihi yana da hannu. A 1978, lokacin zanga-zangar “Ali Must Go” kan ƙarin kuɗin abinci da na ɗakin kwana, an kashe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin Obasanjo ta soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, wadda daga baya NANS ta maye gurbinta. A watan Mayun 1986 'yan sanda suka sake buɗe wuta a ABU, zamanin Farfesa Ango Abdullahi. Tun daga wannan zamani, idan shugaban jami'a ya ji an ce ɗalibai sun taru, abin da ke fara zuwa masa a rai tsaro ne. Ofishin kula da harkokin ɗalibai ya fi zama wurin ladabtarwa da rabon gado a hostal. Su ma ɗaliban sun taimaka wajen ɓata lamarin. Kwamared na yau, ba duka ba amma da yawa, babban aikinsa shi ne ɗinka babbar riga, buga kalanda mai hoton gwamna, da kai wa wani kwamishina lambar yabo a dawo da ambulan ɗin kuɗi. Horo ne shi ma, sai dai aikin da yake shirya mutum dominsa guda ɗaya ne.

Kuma ba haka muka faro ba. A 1958, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta rikiɗe ta zama ABU a 1962, wasu ɗaliban zane suka kafa ƙungiyarsu: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu. Ba garinsu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne ƙin yarda a koya musu zane kamar a Landan aka haife su. Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba, amma har gobe ba a ba da tarihin zanen zamani a Najeriya ba tare da an ambace ta ba. A Zariya aka yi wannan, ba a Oxford ba.

Yau kuwa, in ka cire na addini da na sashen karatu, ƙungiyoyinmu masu ƙarfi na asali ne: 'yan jihar kaza, 'yan ƙaramar hukumar kaza, har 'yan unguwar kaza. Ba na raina su. Su ke bin sawun tallafin karatu na jiha, su ke nemo motar komawa gida idan an rufe makaranta ba shiri. Amma ƙungiyar 'yan garinku tana haɗa ka ne da waɗanda ka riga ka sani, waɗanda iyayensu suka san iyayenka. Ɗan talakan da ba shi da uwa a gindin murhu, abin da yake bukata shi ne ya zauna a tebur ɗaya da wanda ba zai taɓa haɗuwa da shi a garinsu ba, su yi wani aiki tare har su san darajar juna. Gidajen rediyon BUK da ABU, cibiyoyin da ɗaliban lauya ke ba jama'a shawarar shari'a, da ƙananan ƙungiyoyin masu koyon manhajar kwamfuta suna yin hakan, kuma idan ka bi sawun waɗanda suka ratsa ta cikinsu za ka ga bambanci. Sun yi kaɗan ne kawai.

Sai batun ofishin neman aiki. Kowace jami'a a nan tana da shi, da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai gyara CV, gwajin intabiyu, da gayyato kamfanoni su kafa tebur. Kwasa-kwasai da yawa suna ba ɗalibi damar tafiya wani kamfani shekara guda tsakanin aji biyu da aji uku, da albashi. Nan ma ba tausayi ba ne. Wata goma sha biyar bayan ɗalibi ya gama, ana bin sa da tambayar ko ya samu aiki da irin aikin, kuma amsar tana shiga cikin jerin martabar jami'o'i da iyaye ke dubawa kafin su biya kuɗi. Jami'ar da ɗalibanta ke zaman kashe wando za ta ji a aljihunta. A gida, wace jami'a ce ta san inda rabin waɗanda ta yaye bara suke? Muna da SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta faro tun 1973, kuma tunani ne mai kyau. Amma ɗalibi ne ke yawo da wasiƙa yana neman inda za a karɓe shi, wani ya ƙare a ofishin da ba abin yi sai aiken sayo abinci, a sa masa hannu a littafi ya dawo. Sannan wane kamfani ne zai tsara ɗaukar ɗalibai a wani wata na musamman alhali bai san ranar da zango zai ƙare ba? Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas.

Ba komai na nan ne abin sha'awa ba. Rabin tarukan ƙungiyoyi a mashaya suke ƙarewa, don haka Musulmi yakan yi sallama da wuri, kuma sau da yawa bayan ya tafi ake ƙulla sabo mai amfani. Akwai kuma wani sanyin zuciya a lamarin: yaro ya shiga aikin taimako yana lissafin layin da zai ƙara a CV, ranar da ya samu abin da yake so ba za ka sake ganinsa ba. Ɗalibi zai iya rashin lafiya mako guda a ɗakinsa ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, abin da ba zai faru a hostal ɗinmu ba.

Namu da ke zuwa digiri na biyu kuwa, yawancinsu ba sa cin moriyar ko ɗaya. Karatun shekara guda ne. Tun da naira ta faɗi a 2023, awa ashirin ɗin da biza ta yarda a yi aiki a mako ta zama ta neman kuɗin haya da cikon kuɗin makaranta, a gidan kula da tsofaffi ko rumbun ajiyar kaya. Daga aji sai aiki sai barci. In an samu sarari, a je ƙungiyar Musulmi ko ta 'yan Najeriya a ci dafa-duka, wato dai mun sake kafa ƙungiyar 'yan garinmu a ƙasar wasu. Ba na ganin laifin kowa, sanyi da kewa ba wasa ba ne. Sai dai manyan kamfanoni suna buɗe ɗaukar sababbin ma'aikata ne tun daga Satumba da Oktoba, lokacin da namu sabon zuwa bai gama gane motar da zai hau zuwa makaranta ba, kuma da yawa sun rufe kafin ya waiwayo. Bizar zama bayan karatu da aka dawo da ita a 2021 tana ba mutum lokaci, ba ta ba shi aiki. Wanda zai zo, ya shiga ofishin neman aikin nan a makonsa na farko.

A gida kuma, abin da nake roƙo ba ya bukatar kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Shugaban harkokin ɗalibai ya ce ba za a sabunta rajistar kowace ƙungiya ba sai ta kawo bayanin kuɗi da rahoton shekara, ko da shafi biyu ne, shi kuma ya ba duk wanda ya riƙe muƙami takarda mai hatimin jami'a da ke faɗin abin da ya yi. Mu kuma tsofaffin ɗalibai, da muka cika zaurukan WhatsApp da hotunan aji huɗu da karo-karon liyafar cika shekara ashirin, akwai manajan banki a cikinmu, akwai injiniya, akwai mai kamfani. Kowa ya ɗauki ɗalibi ɗaya na sashenmu ya yi SIWES a wurinsa, ya ba shi aiki na gaske, in ya gama ya zauna da shi su rubuta CV tare.