Mai injin garinmu ya ishe ni

Wai don Allah mai injin garinmu sai yaushe zai koyi kakkaɓe inji? Na auno alkama kwano biyu a kasuwar Ringim, na surfa, na wanke, na shanya, na aiki yaro a ɓarzo min ta alkaki, ashe barkono ya gama niƙawa! Kwaɓin ya kwana, na soya, na tsoma a zuma, surukata na gutsira sai hawaye da atishawa har maƙwabta na yi mata sannu. Alkaki ne ko yajin tsire? Wancan makon garin nakiya ya dawo da warin daddawa, geron fura kuwa kore shar da kuka. In na yi magana ya ce, "Haƙuri, Hajiya." Haƙurin zan zuba a garar amarya?