Jita Mai Wuya Biyu, Ni Kuma Wuyana Ɗaya

Waɗanda suka je dinar nan ta Barnawa ranar Asabar, don Allah ku daina turo min bidiyon. Na gani. Ni ne a ciki.

Jitar kun san asalinta. Ta Baba ce, tsohon nan na Kakuri da ya yi kiɗa tun masaƙu na aiki. Ya ce a Ingila wani ya haɗa ta da hannu a shekarun 1970, shi ya sa babu sunan kamfani a jikinta. Bes ce, wato jita mai kaurin murya, sama da ƙasa: wuyan sama mai firet (siraran ƙarafan da ke gicciye a kan allon wuya), na ƙasa sumul ba firet ko ɗaya, tsirkiya huɗu-huɗu, tsawon kowace inci 34 zuwa jakin da tsirkiyoyin ke hawa a jikin jitar. Kuɗin ba zan faɗa ba, Maman yara tana Facebook. Mai keke ya caje ni kuɗin mutum uku don akwatin ya leƙo ta gefe biyu. Da na ɗora ta a sikeli sai ga kilo bakwai, alhali bes ta yau da kullum kilo huɗu ce da ɗan ɗoriya.

A watan Agusta na saye ta, ruwa na zuba, katako ya sha danshi ya ƙoshi, ko'ina gam. Duk wanda zai sayi tsohuwar jita a garin nan da damina, rabin labarinta kawai ya gani. Sauran sai hunturu.

Kada wani ya ce ban kula da ita ba. Wuyan ƙasa na cire masa tsirkiyoyi masu kaushi na sa masu santsi, domin masu kaushin sun riga sun fara yi wa allon zane kamar kaza ta yi tono. Allon na goge shi da ɗigo uku na man da ake sayarwa don shi, na bar shi minti biyar, na share da tsumma busasshe. Ba man gyaɗa ba, ba man keke ba, kuma sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Maɓallan murɗa sauti suna ƙarar ƙwas-ƙwas, na fesa musu maganin wanke kayan lantarki, na murɗa kowanne sau ashirin, suka yi shiru. Ban taɓa jingina ta a kan abin ajiya mai roba ba, saboda tsohon fenti irin nata roba na narkar da shi. Ban barin ta a but ɗin mota da rana, zafi sannan sanyin ɗaki farat ɗaya shi ke sa fentin ya tsattsage.

Da Disamba ta shigo, bakin firet ya fara leƙowa ta gefen wuya yana yankar min hannu, domin katako ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ruwansa. Wuyan sama ya lanƙwaso gaba, tsirkiyoyi suka yi nisa da allo. Ba mamaki, kowane wuya yana ɗauke da jan da ya kusa kilo 80 dare da rana. Ga yadda ake dubawa: ka danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka leƙa ratar da ke wajen firet na takwas. Kamar milimita 0.3 ake so, kaurin ɗan katin da 'yan kasuwa ke buga lambarsu a kai. Tawa kati uku sun shige har da sauran wuri. Na sassauta tsirkiyoyi, na ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuyan rubu'in zagaye kawai, na saita, na bar ta ta kwana, washegari na ƙara rubu'i. Alankin da ake ɗaure sandar da shi ma sai da na yi yawon neman na inci, domin na kasuwa yawanci na milimita ne, kuma wanda ya "kusa shiga" shi ke cinye bakin noti, ka shiga uku.

Duk wannan na yi. Abu ɗaya ne ban taɓa dubawa ba: ɗan sukurun da ke riƙe maɓallin maratayi. Sukuru ɗaya, bai kai tsawon ɗan yatsana ba, a cikin katakon da ya haura shekara arba'in, cikin hunturun Kaduna, yana ɗauke da kilo bakwai.

To, ana shigo da amarya. Ina sanye da babbar riga saboda uban ango ya ce ba ya son ganin makaɗa da ƙananan kaya. Hula na kafa ta. Na sauka wuyan ƙasa, na ja wani sauti mai santsi wanda tun Agusta nake koyonsa saboda wannan ranar, har na lumshe ido. Sai na ji "fit". Ƙaramar ƙara ce, kamar an tofar da ƙwallon dabino. Maratayin ya tsinko ta gaba, ya zagayo ta bayana, ya make hular, hula ta yi gaba tana birgima har gaban teburin iyaye. Jitar kuma ta yi ƙasa.

Ban san lokacin da na ɗaga gwiwar dama na tare ta ba. Hannun hagu na riƙe da wuyan ƙasa, na dama ya nutse cikin hannun babbar riga ya ƙi fitowa, haɓata na danne da ita ta sama. Wajen tarewar gwiwar hannuna ta bugi makunnin da ke zaɓar wuya, ya koma tsakiya, wato duka biyun a kunne. Tsirkiya takwas suka ɗauki ruri lokaci guda ta cikin manyan sifikun nan, kamar an kayar da sa ranar layya. Ni kuma, magidanci mai 'ya'ya uku, tsaye da ƙafa ɗaya kamar balbela, bakina daidai makirufon amshi, na ce: "Wayyo Inna!"

Har da amsa-kuwwa. Yaron da ke kan na'ura ya sa wa makirufon nan eko tun farkon dare, saboda haka ɗakin taron ya ji "Inna... Inna... Inna..." sau uku, yana raguwa a hankali.

MC bai bari ta faɗi ƙasa ba. "Jama'a, Innar mai jita tana kusa? Ana nemanta a gaba." Sai ga wata Hajiya, gwaggon amarya ce aka ce, ta taso da lafayarta tana takawa a hankali, ta zo ta manna min naira 200 a goshi, ta ce, "Sannu ɗan nan, Allah ya raya." Gumi ya riƙe kuɗin. Ba ni da hannun cirewa. Haka na tsaya da ɗari biyu a goshi har amarya ta zauna.

Amma Hajiya ba ta ɓata min rai ba, ita tausayi ta ji. Mai gangarmu ne. Kun san shi, ba sai na kira suna ba. Yana taku biyu daga inda nake. Mutum mai imani zai ajiye sanda ya kama min. Shi kuwa daidai lokacin da jitar ta sauka a gwiwata ya yi wani nadi a kan ganguna ya rufe da faranti, tas, kamar mun yi atisayen abin. Daga baya wai "Oga, ai na rufa maka asiri ne, mutane su ɗauka salo ne." Wannan mutumin tun ƙaramar Sallah wayar amfilifayata tana gidansa. Mai tsawon mita shida, ba ta banza ba. Ranar da babur ɗinsa ya mutu a Kawo ƙarfe goma sha ɗaya na dare wa ya kira? Kuma a bidiyon, in kun lura, yana dariya tun kafin hular ta taɓa ƙasa.

Ranar Litinin na kai ta Panteka wajen wani da aka ce ya san katako. Ya juya ta, ya ce a buga mata ƙusa inci huɗu, ko kuma, in ina son shawarar gaskiya, ya raba min ita biyu in sayar da ɗaya. Na ɗauko kayata na dawo.

Gyaran ashe na naira ɗari ne. Tsinken sakace uku, a tsoma su a farin gam na kafinta, a cusa cikin ramin, a karye abin da ya leƙo, a bari ya kwana, a mayar da sukurunsa na asali da hannu. Ba a sa babba, yana iya tsaga katakon. Na yi wa sukurun maratayi na ƙasan ma, shi ma ashe yana lilo. Na sayi maratayi mai faɗin inci huɗu saboda kafaɗa. Cikin akwatin kuma na sa gidan sabulu mai huji da jiƙaƙƙen soso da aka matse sosai, ana son danshi ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55, kuma ina sake jiƙa shi duk bayan kwana biyu.

Hular dai har yau ban gan ta ba. Wani ya ce ya ga yaron masu abinci da irinta.