Na taɓa ɗan hankaka

Wata safiya ina hanyar zuwa aiki na ga ɗan hankaka a gindin bishiya, yana tsalle yana faɗuwa, fukafukan ba su yi ƙwari ba. Tausayi ya kama ni. Na sunkuya na ɗauke shi, ina neman reshen da zan ɗora shi kada kyanwa ta karya kumallo da shi.

Ban gama miƙewa ba na ji "kaa! kaa!" a bisa kaina. Uwar ta sauko kamar an jefo ta, ta kaɗe min hula da fiffike. Kafin in ce kwabo sun haura goma, kowa na zagina da yarensu. Ashe 'ya'yansu kan bar sheƙa tun ba su iya tashi sosai ba, iyayen na sama suna gadi suna kawo abinci. Yaro dai ba maraya ba ne, ni ne ɓarawon yara. Ana yi wa hankaka kirari da mai da ɗan wani naka, to taɓa nasa ka sha kallo.

Na ajiye shi, na ba da haƙuri da baki, na ranta a na kare.

Na ɗauka magana ta wuce. Washegari jama'a na ta wucewa ƙarƙashin bishiyar, har da mai tura baro yana waƙa, ko kallo ba su ishe su ba. Ina ɓullowa sai ihu. Na canza hula. Ihu. Na sa tabarau, na sunkuyar da kai kamar wanda ake bi bashi, suka raka ni har kwana.

Wani abokin aikina, bayan ya share hawayen dariya, ya ce ai an gwada wannan a Jami'ar Washington da ke Amurka. A 2006 masu bincike suka sa fuskar roba suka kama wasu hankaki, suka saka musu zobe a ƙafa suka sake su. Shekaru bayan nan duk wanda ya sa fuskar sai an bi shi da tsiya, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba, sun koya wurin iyaye da maƙwabta.

Na ce, "To hankaka shekara nawa yake yi?"

Ya ce yana iya haura goma.

Yanzu zagaye nake yi, ƙarin minti ashirin kullum. Jiya na hango ɗaya a kan wayar lantarki a sabuwar hanyar, ya karkata kai yana ƙare min kallo. Ni na fara gaishe shi.