Kafin ka zuba kuɗinka a tallan la'ada ta waya, ɗan saurare ni

Jiya da daddare wani ƙanina ya turo min saƙo wai ya ciwo bashi zai fara tallan la'ada ta waya, abin da ake cewa afiliyet ɗin nan, saboda ya ga wani ya ɗora sikirinshot na dala ɗari uku a rana ɗaya. Wlh raina ya ɓaci, ba da shi ba, da masu ɗora irin hotunan nan, don kullum shafin kuɗin da ya shigo suke nunawa, ba za ka taɓa ganin ɗaya shafin da ke nuna nawa suka kashe wajen sayen talla ba. Mutum zai iya samun ɗari uku alhali ɗari huɗu ya zuba. Ni ma sabon shiga ne, wata na bakwai ke nan, amma na ga abin da ya isa in yi magana.

Harkar nan dillanci ce, ba wani abu ba. Kamfani yana da manhaja ko gem ko wani abu da yake so a yi rajista, sai ya ce duk wanda ya kawo min mutum ɗaya zan ba shi kaza, wannan ita ce ofa. Netwok, wato kamfanin da ke tsakaninka da masu ofa, shi ne ke tattara ofofin ya ba ka linkinka. Kai kuma sai ka je wata kasuwar daban ka sayi talla da kuɗin aljihunka, in mutane sun danna sun yi abin da ake so a biya ka, in ba su yi ba kuɗinka ya tafi babu mai mayar maka ko sisi. Kuma ba sabon abu ba ne, Amazon ta buɗe nata tsarin tun 1996, halastacciyar sana'a ce in an bi ta da gaskiya. Amma kasuwanci ne mai jari da faɗuwa, ba aikin albashi ba.

Kamfen ɗina na farko dala ɗari na saka. Na ɗauki ofa huɗu, ƙasa biyar, har da Amurka da Ingila don na ga ofofinsu sun fi tsoka, na kunna na kwanta, da asuba na duba babu komai a akawun, abin da ya shigo dala tara da 'yan santi. Asarar ba ita ta fi min ciwo ba. Abin da ya fi min ciwo shi ne ban san daga ina taran nan ta fito ba, wace ƙasa, wace irin waya, wane shafi ne ya kawo mutanen, babu abin da na sani domin ban saka tiraka ba, na ga kamar ɓarnar kuɗi ce.

To a nan nake so a tsaya da kyau, don ni a ganina duk harkar a nan take. Tiraka manhaja ce da ke zama tsakanin tallarka da ofar, akwai su Voluum, Binom, BeMob, RedTrack da sauransu, wasu ma suna da tsarin kyauta na masu farawa. Duk wanda ya danna tallarka sai ta ba shi lamba tasa shi kaɗai, ta rubuta ƙasarsa, irin wayarsa, burauzarsa, da wifi yake ko da datar layi, ƙarfe nawa ya danna, kuma daga wane shafi ya zo. Lambar nan tana bin sa har cikin ofa. In ya yi rajista sai netwok ya dawo wa tiraka da lambar ta wani link da ake kira fosbak, shikenan ka san takamaimai wane kilik ne ya haifi kuɗi. In ba ka haɗa fosbak ɗin nan daidai ba to lalube kake cikin duhu, ko da kuwa ka yi sa'a ka ci riba yau ba ka san yadda za ka maimaita ta gobe ba. Ni kwana uku na yi ina fama kafin nawa ya fara aiki, ashe alama ɗaya ce na rubuta ba daidai ba a cikin link ɗin, kuma duk kwana ukun nan talla tana tafiya tana cin kuɗi. Dan Allah ka gwada shi kafin ka kunna komai, ka ce wa manajanka na netwok ya harba maka gwaji ɗaya, aikinsa ne.

Da na fara ganin data, wato bayanan da tiraka ke tattarawa, sai idona ya buɗe. Kasuwannin talla irin na fof, wanda shafi ke faɗo wa mutum ba shiri, da na fush, mai zuwa kamar sanarwa a saman waya, suna rarraba tallarka ne a ɗaruruwan shafuka, kowanne da lambarsa, ana ce musu zon. Sai na tarar 'yan zon ƙalilan ne suka cinye rabin bajet ɗina ba tare da rajista ko ɗaya ba, wasu da ka gani ka san ba mutane ba ne, bot ne, dubban shiga amma babu wanda ya taɓa maɓalli ko sau ɗaya. Aikin kenan kullum, ka toshe marasa amfani, ka ware masu kawo kuɗi ka ƙara musu farashi. Abin da na ji 'yan harkar na yawan faɗa shi ne in zon ya ci ninki biyu ko uku na abin da ofa ke biya bai kawo komai ba, a yanke shi. Ina bin hakan, duk da wani lokacin ina jin kamar na yi gaggawa.

Ga lissafin da nake so kowa ya yi a takarda tun kafin ya buɗe akawun. A ce ofa tana biyan dala 2, kana sayen kilik a santi 1, kilik 1000 dala 10 kenan, sai mutum 5 sun yi rajista kafin ka mayar da uwar kuɗi, wato ɗaya cikin 200. Yanzu ɗauki ofar dala 40 ta Amurka, kafin ka gwada zon ashirin kawai, kowanne ninki biyu, dala 1600 ta tafi. Shi ya sa mai ƙaramin jari ba shi da abin yi a manyan ƙasashen nan da ake kira tiya wan, can ƙwararru ne masu bajet mai nauyi ke gasa. Ƙaramar ofa a ƙasar da talla ke da araha ita ce ke ba ka data da yawa da kuɗi kaɗan. Ofa ɗaya ko biyu, ƙasa ɗaya, kasuwar talla ɗaya, ka zauna a kai har ka gane ta.

Akwai ƙananan abubuwa na waya da suka ci min kuɗi kuma. Wasu ofofin daga katin waya ake cire kuɗinsu, irin waɗannan sau da yawa sai mutum yana kan datar layinsa suke aiki sumul, ni kuwa na bar wifi a buɗe ina ta sayen mutanen da ba za su iya kammalawa ba. Shafin da na fara yi kuma, wanda mai danna talla ke sauka a kai kafin ya kai ga ofa, na cika shi da manyan hotuna, a kwamfuta yana buɗewa nan take, a ƙaramar waya mai raunin netwok kafin ya buɗe mutum ya fita. Masu iPhone ma lissafinsu daban ne tun da Apple ta fito da iOS 14.5 a 2021, dole manhaja ta nemi izinin mutum kafin ta bibiye shi, shi ya sa ni dai na tsaya a Android tukuna.

Sannan maganar biya. Talla kuɗi hannu kake saya, amma netwok da yawa sai bayan kwana 30 suke biyan sabon shiga, kuma sai ka kai wani adadi. Wani netwok ya taɓa soke min rajista kusan ashirin wai ingancinsu bai kai ba, ban da yadda zan yi. To ka ga mai bashi a wuya ina zai sa kansa?

Abu ɗaya da ba zan yi shiru a kai ba. Da ka shiga harkar nan za a nuna maka shafukan da suka fi kawo kuɗi, wayarka ta kamu da bairos danna nan, ko ka ci kyautar iPhone saura minti biyu. Suna aiki, na sani, don tsoro da kwaɗayi suke taɓawa. Amma ƙarya ce tsagwaronta, kuma wanda ke dannawa yawanci dattijo ne ko yaro ko wanda bai san kan waya ba, a yi ta cire masa kuɗi duk mako bai san dalili ba. Na gwada irin shafin nan kwana biyu a wata na biyu, shi ne karon farko da na ga riba, kuma ban iya barci da daɗi ba, na kashe shi. Ban da haƙƙin mutane, Facebook da Google suna rufe akawun a kan irin wannan, netwok ma zai iya riƙe kuɗinka. Ko da ba sa rufewa ni dai ba na so in ci wannan kuɗin.

Ƙanin nawa na ce masa ya mayar da bashin yau ɗin nan, ya tara abin da in ya ɓata ba zai hana shi barci ba, in ya so mu zauna tare mu haɗa tirakarsa kafin ya sayi kilik ko ɗaya. Ni kaina yanzu ofa ɗaya nake gudanarwa, ta sauke wata manhajar gem, a ƙasa ɗaya, na toshe zon sama da sittin, makon jiya na kashe dala 42 na samu 47. Yau zan gwada sabon hoton talla a kan tsohon in ga wanne ya fi.