Hani kaɗai ba zai koya mana sarrafa jirage marasa matuƙa ba

Tun da rundunar sojan da ke yaƙi a Arewa maso Gabas ta sanar, a watan Janairun 2025, cewa ta haramta wa jama'a da ƙungiyoyi tayar da jirage marasa matuƙa a yankin, nake sauraren ranar da wata hukuma za ta fito ta ce ga inda aka yarda a tayar da su. Ban ga laifin sojan da ke fagen daga ba idan ya ce ba ya son ganin wani abu a sama da bai san mai shi ba, domin masu tayar da ƙayar baya a yankin Tafkin Chadi sun daɗe da sa hannu a kan waɗannan na'urori. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tun 2016 da hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta ce ba wanda zai tayar da irin wannan jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan harkokin tsaro, kusan duk abin da ɗan Najeriya ke ji daga bakin hukumomi a kan wannan fasaha bai wuce hani da gargaɗi da neman takarda ba.

Amfanin jirgi mara matuƙi yana farawa ne daga inda ya ɓace wa idon mai sarrafa shi. Wanda ake ɗaukar hoton biki da shi yana shawagi ne a saman kan mutane, amma wanda zai kai jini asibitin ƙauye, ko ya bi layin wutar lantarki yana neman inda ya lalace, ko ya auna faɗin gonakin da ambaliya ta cinye, dole ne ya yi tafiyar kilomita masu yawa shi kaɗai. A nan ne matsaloli ke kunno kai: sadarwa tsakaninsa da mai sarrafa shi tana iya yankewa, batiri yana iya gazawa, kuma yana iya haɗuwa da jirgin da ke ɗauke da mutane. Ba a gane yadda na'ura za ta yi a irin wannan hali a cikin ɗakin karatu. Sai an keɓe wani yanki na sararin samaniya, an sanar da matuƙan sauran jirage iyakarsa da lokutan aikinsa, an bar injiniyoyi su tayar da abin da suka ƙera, ya faɗo, su gyara, su sake tayarwa.

Malawi, wadda ba ta kama ƙafar Najeriya a arziki ba, ta yi wannan tun watan Yunin 2017, lokacin da gwamnatinta da asusun UNICEF suka buɗe filin gwaji a Kasungu, mai nisan kilomita 40 ta kowace fuska daga ƙaramin filin jirgin saman garin. Kamfanoni da jami'o'i daga ƙasashe daban-daban sun je sun gwada ɗaukar hoto daga sama da jigilar magunguna, kuma a farkon 2020 aka buɗe makarantar koyar da matasan Afirka wannan aiki a Lilongwe. Saliyo ta bi sahu a 2019. Ingila ma, duk da cunkoson jiragen da ke samanta, ta sanar a 2022 da shirin shimfiɗa hanyar sama mai tsawon mil 165 da za ta haɗa garuruwa irin su Reading da Oxford da Cambridge da Coventry.

Masu cewa Najeriya ba Malawi ba ce, tunda mu muna fama da 'yan bindiga, ba su tsaya sun tambayi kansu ba ko ɗan bindiga ya taɓa zuwa Abuja neman izini. Dokar hani ɗalibin jami'a take kamawa, da ƙaramin ɗan kasuwa mai son yin abu bisa ƙa'ida. Filin gwaji kuwa shi ne ma wurin da jami'an tsaro za su san kowane jirgi da mai shi da hanyar da zai bi, su kuma koyi yadda ake gano baƙon jirgi a kakkaɓo shi. Na san mutanen Arewa suna da dalilin jin faɗuwar gaba idan aka ambaci jirgi mara matuƙi, domin ba wanda ya manta da Tudun Biri, inda a ranar 3 ga Disamban 2023 harin kuskure na soja ya hallaka mutane aƙalla 85 da ke taron Mauludi. Amma wannan bala'i bai fito daga hannun farar hula ba, kuma babu wata dokar hana ɗalibi gwajin na'urarsa da za ta iya tare shi.

Abin takaicin shi ne muna da kusan duk abin da ake buƙata. A Kaduna aka ƙaddamar da jirgi mara matuƙi na sojan sama mai suna Gulma a 2013, a nan kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da wani mai suna Tsaigumi a 2018. Ga Kwalejin Fasaha ta Rundunar Sojan Sama a Kaduna, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a Zariya. Tun 2022 kamfanin Zipline, wanda ya fara aiki a Ruwanda a 2016 da Ghana a 2019, ya soma jigilar magunguna da alluran rigakafi daga Pambegua zuwa asibitocin karkara a Jihar Kaduna. Wannan ya nuna cewa hukumominmu suna iya buɗe sama idan kamfani babba daga Amurka ne ya ƙwanƙwasa ƙofa tare da gwamna. Matashin da ya haɗa nasa jirgin a Kano ko Bauchi ba shi da gwamna a bayansa, kuma ba shi da inda zai je.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu kai tsaye, wanda ba a cika faɗa ba. Na'urar da aka ƙera aka gwada a Turai ko Sin ba ta san hazon hunturu da ke toshe gani yana shiga injin ba, ba ta san zafin bazarar Sakkwato da Maiduguri da ke haura digiri 40 yana rage ƙarfin batiri ba, ba ta san guguwar farkon damina ba. Idan ba mu gwada a ƙasarmu ba, za mu ci gaba da sayen kaya da dala, mu gano gazawarsu ranar da aka ɗora musu jinin mace mai naƙuda.

Jihohi da dama sun kashe maƙudan kuɗi sun gina filayen jirgin sama irin na Dutse da Birnin Kebbi, inda jirgi ke sauka jifa-jifa. Hukumar NCAA da ta NAMA mai kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniya su zauna da Rundunar Sojan Sama su zaɓi ɗaya daga cikinsu, su shata iyaka, su tuntuɓi sarakuna da manoman da jiragen za su riƙa bi ta saman gonakinsu, sannan su sanya kuɗin shiga da ɗalibi zai iya biya.