Zoɓo da kanwa sun isa a fara koya wa yaro kemistiri

A nan Ingila, idan za a nuna wa yaran firamare bambancin abu mai tsami da kishiyarsa, jan kabeji ake dafawa a tace, a kawo binega da bakar soda (baking soda). A Zariya kuwa, garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, sai mu zauna jiran ranar da makaranta za ta samu ɗakin gwaji. Ni a ganina jiran ba shi da dalili, don zoɓon kasuwar Sabon Gari yana ɗauke da irin sinadarin launin da ke cikin kabejin nan.

A jiƙa busasshen zoɓo cikin tafi ɗaya a kofin ruwan zafi, minti 10, a tace. Kada a yi aiki da shi haka. Ya yi kauri, canjin launin ba zai fito ba, kuma nan ne yawancin masu gwadawa ke karaya. A zuba cokali biyu a rabin kofin ruwa, a yi haka a kofunan gilashi uku. Na farko a bar shi don kwatance. Na biyu a matsa lemun tsami, jan zai ƙara haske. Na uku a ɗiga ruwan kanwa da aka jiƙa ya kwanta, nan take zai koma shuɗi-shuɗi zuwa kore. Sai a miƙa wa yaro ruwan tsamiya ya riƙa ɗigawa a kofi na ukun har jan ya dawo. Ƙananan kumfar da ke tasowa iskar kabon-dayoksaid ce. Abin da uwa ke yi ke nan idan ta jefa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami, sunan asid (abu mai tsami) da bes (kishiyarsa, irin kanwa) ne kawai ba ta kira.

Ana iya kama iskar: cokali uku na ruwan lemun tsami a gorar roba, ƙaramin cokali na dakakkiyar kanwa a cikin balan-balan, a ɗaura a bakin gorar a zazzage. Idan ta ƙi kumbura, ko dai kanwar ba ta daku ba, ko ƙasa ta yi mata yawa, don ba kamar bakar soda ba, kanwa ƙarfinta ba ɗaya ba ne.

Kada a rufe gorar da murfi, don iskar na iya fasa ta. Sodar haɗa sabulu tana ƙona fata, a nisanta ta da yara, bilic kuma idan ya haɗu da tsami iska mai guba yake fitarwa.