Laifin miƙa wa mai yunwa faranti

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ku da kuke haɗa ƙungiyoyin ciyarwa a unguwanni, ku tara kuɗi ta WhatsApp, ku dafa ku raba. Da ku nake son magana. Abin da zan ɗauko ya faru ne nesa da mu, a Amurka, amma muhawarar da ake yi a can ta shafi aikinku fiye da yadda kuke zato.

Ranar 2 ga Nuwamba 2014, a birnin Fort Lauderdale na jihar Fulorida, wani dattijo mai suna Arnold Abbott, ɗan shekara 90, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, ya tsaya a bakin filin shaƙatawa na Stranahan sanye da farar rigarsa ta masu girki, yana zuba wa masu kwana a titi abinci. Mutane sun yi layi, bai wuce 'yan faranti kaɗan ya miƙa ba 'yan sanda suka iso. Shi da bakinsa ya gaya wa manema labarai cewa ɗaya daga cikinsu ya daka masa tsawa ya ajiye farantin nan take, sai ka ce makami ne a hannunsa. Aka ba shi sammaci, shi da wasu fastoci biyu, kan laifin da hukuncinsa kan iya kai wa kwana 60 a gidan yari da tarar dala 500. Tun 1991 tsohon nan ya fara wannan aiki don tunawa da matarsa da ta rasu. Bayan 'yan kwanaki ya sake fitowa da abincinsa a bakin teku, aka sake ba shi wani sammacin.

Ku lura da yadda aka tsara dokar, domin a nan dabarar take. Majalisar birnin ba ta fito ɓaro-ɓaro ta ce an hana ciyarwa ba. Cewa ta yi duk mai son raba abinci a waje sai ya nisanci gidajen mutane da ƙafa 500, ya samu izinin mai filin, ya kuma tanadi ban-ɗakin tafi-da-gidanka. Kowane sharaɗi in ka ɗauke shi shi kaɗai za ka ce ai da hankali a ciki. In aka haɗa su, ƙaramar ƙungiya mai dafa abinci da kuɗin karo-karo ba ta da inda za ta tsaya a tsakiyar gari, alhali a tsakiyar garin ne mayunwatan suke.

Ba Fort Lauderdale kaɗai ba ce. Las Vegas ta hana ciyar da matalauta a filayen shaƙatawa a 2006, alƙalin tarayya ya dakatar da dokar. A shekarar ce Orlando ta ce duk ƙungiyar da za ta ciyar da mutum 25 ko fiye a filayen tsakiyar gari, izini biyu kacal za ta samu a shekara a kowane fili, kuma a 2011 aka kama 'yan ƙungiyar Food Not Bombs, mai raba abinci kyauta, da dama kan haka. Philadelphia ta gwada a 2012, kotu ta taka mata birki. A Kansas City a 2018 jami'an lafiya sun zubar da abincin da masu sa-kai suka dafa, har suka zuba wa wani ɓangarensa sinadarin bilic don kada wani ya tsinta ya ci. A 2022 aka kama wata tsohuwa 'yar shekara 78, Norma Thornton, a Bullhead City ta jihar Arizona, saboda abincin da ta dafa a gida ta kai fili.

Na san abin da wasunmu ke yi da irin wannan labari. Sai a tura bidiyon a Facebook a rubuta, "Ga ƙasar da kuke yabo nan!", a yi ta tsokaci ana jin daɗi, a wuce. Don Allah kada ku tsaya a nan. Wanda ya tsaya a nan bai ƙaru da komai ba, ya ma manta cewa a ƙasar ce tsoho ɗan shekara 90 ya yarda ya tunkari gidan yari saboda mutanen da ba danginsa ba.

Hukumomin biranen nan suna da hujjojinsu, kuma adalci shi ne a saurare su. Suna cewa abincin da ba a san inda aka dafa shi ba zai iya sa mutane ciwo, ana barin shara, fili kuma na kowa ne, har da iyaye masu kai 'ya'yansu wasa. Wasu ma na cewa ciyarwar titi tana sa mutum ya saba da titin, gara a tattara kowa a cibiya guda inda akwai likita da mai ba da shawara. Hujja mafi nauyi ita ce ta lafiya. A 2017 annobar ciwon hanta nau'in A ta ɓarke a gundumar San Diego ta jihar Kalifoniya, ta kashe mutum 20, kuma marasa matsuguni ta fi kamawa. Da wannan dalili garin El Cajon ya hana raba abinci a filayen gwamnati, har a Janairun 2018 aka ba mutum goma sha wani abu sammaci, ciki har da yaro ɗan shekara 14. To amma ta yaya ciwon yake yaɗuwa? Ta hanyar bayan-gida da hannun da ba a wanke ba. Mutanen da ba su da ban-ɗaki, ba su da famfo, dole ciwon ya yi musu kamun kazar kuku. Abin da ya shawo kan annobar shi ne allurar riga-kafi, da wuraren wanke hannu da aka kakkafa a tituna, da buɗe ban-ɗakuna. Hana su abincin da aka dafa da tsafta kuwa, bola kawai zai tura su, inda cutar ta fi yawa. An bar jaki ana dukan taiki.

Maganar cewa abinci ne ke riƙe mutum a titi, wannan ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ƙidayar gwamnatin Amurka ta Janairun 2024 ta samu mutum sama da 770,000 ba su da matsuguni a dare guda. Ba farantin miya ne ya fito da su daga ɗakunansu ba. Tsadar haya ce, da rasa aiki, da taɓin hankali, da shaye-shaye, da rikicin cikin gida. Birnin Houston ya isa misali. A 2012 ya kafa dokar da ta ce sai da izinin mai fili za ka ciyar da fiye da mutum biyar, kuma a 2023 ya yi ta rubuta wa masu rabo a gaban babban ɗakin karatu takardun tara. Amma abin da ya rage yawan marasa matsuguni a Houston da fiye da rabi cikin shekara goma wani abu ne daban: an riƙa ɗauko mutane daga titi ana ba su ɗaki da makulli tukuna, sannan a bi sauran matsalolinsu. Takardar tara ba ta taɓa sama wa kowa wurin kwana ba.

Kotuna sun sha tsayawa tare da masu ciyarwa. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa rabon abincin da Food Not Bombs ke yi a Fort Lauderdale wata hanya ce ta isar da saƙo, wadda tsarin mulki ya kare. Amma iskar ba gefe guda take kaɗawa ba, domin a Yunin 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar garin Grants Pass, ta ba birane damar hukunta mai kwana a waje ko da babu gadon da za a ba shi.

Yanzu ga abin da ya sa na kira ku. Irin waɗannan dokoki ba daga sama suke faɗowa ba. Maƙwabta ne da masu shaguna ke kai ƙorafi, su ce sun gaji da ganin waɗannan mutane, suna ɓata musu unguwa, suna korar masu sayayya. Kansila ya ji, ya kai majalisa. Tushen abin shi ne zuciyar da ta daina ganin mai yunwa a matsayin mutum, ta koma ganinsa ƙazantar da za a share. Wannan zuciyar kuwa ba ta da ƙasa. Ku saurari yadda muke magana kan matan da suka gudo daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato suna zaune a bakin danja da goyo, ko yaran da ke kwana a ƙarƙashin gada da rumfunan kasuwa. "Sun cika mana gari." "A kwashe su." Na sha jin haka daga bakin samari masu ilimi, masu sallah a sahun gaba.

Dokokinmu ba irin na Amurka ba ne, mu mai roƙo ake kamawa ba mai bayarwa ba. Kano ta sanar da hana barar almajirai a titi a Fabrairun 2020, Abuja ta ƙaddamar da kamen mabarata a Oktoban 2024. Ni ba na goyon bayan bara, balle ta ƙananan yara, wadda nauyinta ke wuyan iyayen da suka yi watsi da amana. Amma duk lokacin da kuka ji an ce za a kwashe, ku yi tambaya guda: a kai su ina, kuma me za su ci a can? In babu amsa, to ido kawai ake son kawarwa. Addininmu bai tsaya ga umurnin ciyarwa ba. Suratul Ma'un ta zargi wanda ba ya ko kwaɗaitar da wasu su ciyar da miskini, ta jera shi cikin masu ƙaryata ranar sakamako. A masallacin Manzon Allah (SAW) kuma akwai Ahlus Suffa, talakawan da ba su da gida a Madina, a gefen masallacin suke kwana, sahabbai na ɗaukarsu zuwa gidajensu cin abinci. Ba a tura su bayan gari ba.

Sai dai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma a nan zan matsa muku. Mu ma muna ba masu son hanawa hujja da hannunmu. Ku tuna Disambar 2024: yara 35 suka mutu a turmutsitsi a wani taron yara a Ibadan, bayan kwana uku mutum 22 a Okija ta jihar Anambra wajen rabon shinkafa, mutum 10 a wata coci a Maitama a Abuja. Bayan haka ne rundunar 'yan sanda ta ce duk mai shirya irin wannan rabo sai ya sa jami'an tsaro a ciki, kuma babu mai hankalin da zai ce ba su da dalili. Kyakkyawar niyya ba ta dawo da ran kowa. In za ku yi rabo, kada ku shelanta shi a rediyo ko Facebook ku tara dubbai a ƙofa guda alhali abin mutum ɗari biyu kuka tanada. Ku bi ta mai unguwa da limami, ku rubuta sunaye, ku raba kati, ku ware layin mata da tsofaffi, ko ma ku kai wa mutane har inda suke.

Ku kula da abincin kansa. Shinkafa da miyar da aka dafa tun hantsi aka rufe a roba, aka jibge a bayan mota cikin zafin azumi, in aka buɗe da magariba za ka ga murfin ya yi gumi, ƙamshin ya fara juyawa. Mai yunwa zai ci haka nan don ba shi da zaɓi, kuma shi ne ba shi da kuɗin asibiti in cikinsa ya ɓaci. Abin da ba za ka ba ƙanenka ba, kada ka ba shi. Ku zo da ruwa da sabulu, ku zo da buhun kwashe robobi da ledoji, ku bar wurin fes yadda maƙwabci ba zai samu abin kai ƙara ba.

Sannan wayoyin nan. Na ga baiwar Allah ta miƙo hannu ɗaya tana karɓar kunu da ƙosai, ɗaya hannun tana jan mayafi tana rufe fuska, saboda samari uku sun saita ta da kyamara. Watakila shekara biyu da suka wuce ita ke ciyar da wasu a ƙauyensu kafin 'yan bindiga su tashe su. In masu ba da gudummawa na son shaida, ku ɗauki hoton tukwane da buhuna da rasit, ku bar fuskokin mutane.

Kuma kada aikin ya ƙare a faranti. Mutumin da kuke ba abinci duk Juma'a, ku san sunansa, ku san inda yake kwana da abin da ya kawo shi. Cikin mutum hamsin za ku samu wanda kuɗin mota kawai yake buƙata ya koma wajen danginsa, da wadda hayar ɗaki ɗaya da jarin awara za su raba ta da bakin titi, da wanda asibitin masu taɓin hankali ya kamata a kai. Ku ware wani kaso na abin da kuke tarawa domin irin waɗannan, ko da mutum biyu ne a shekara, ku kuma naɗa mutum guda a ƙungiyar wanda aikinsa shi ne bibiyar su bayan an ba su.